SIR ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA: MALAMIN DA YA MALLAKI TURANCI BAI SAKI HAUSA BA

Ba da niyyar rubuta tarihin kowa na je Abuja ba. Dogon hutun da muka samu bayan kammala aji uku ne ya kai ni, tare da wani buri da na daɗe ina ɓoye wa abokaina na wannan sashe, wato idan Allah ya sa na gama digirin farko in nemi gurbin digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe a Amurka. Jami'o'i da dama a can sun daina neman sakamakon jarrabawar GRE, amma wadda na sa wa ido tana nan kan bakanta. Saboda haka na sauka gidan kawuna a Nyanya, na kwashi 'yan kuɗin da na tara na biya wata cibiyar koyar da dabarun jarrabawa a Garki, aka miƙo mini wani littafi mai ɗauke da kalmomin Turanci 3,500, aka ce in haddace.

Na kuwa duƙufa. Na yanka kwali ƙanana ƙanana, kalma a gaba ma'ana a baya, ina bita a cikin mota tun daga Nyanya har cunkoson AYA ya sake mu. Mako bakwai ina wannan aiki, har ta kai idan ƙanwata ta yi mini magana sai in ji ina laluben sunan halinta da Turanci. Ranar da aka yi mana gwaji sai na tashi da maki 141 a ɓangaren kalmomi da fahimtar karatu. Ga wanda bai sani ba, makin wannan ɓangare daga 130 yake farawa ya tsaya a 170, ke nan da maki 11 kacal na ɗara wanda bai amsa komai daidai ba. Daga baya ne na gane inda gizo ke saƙar. Tun shekarar 2011 masu shirya jarrabawar suka cire tambayoyin kishiyar kalma da na kwatanta kalma da kalma, suka koma ba ka jimla mai giɓi ko dogon rubutu su ga ko ka san inda kowace kalma take zama. Ni kuwa kalmomin da na tara kamar buhun goro ne a hannun wanda bai san kasuwa ba.

Kawuna tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da na ba shi labari bai tausaya mini ba ko kaɗan, dariya ma ya yi. Ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar naira 5 wadda ko ruwan leda ba za ta saya ba, ya nuna mini hoton da ke jiki, ya tambaye ni sunan titin da nake bi kullum ta gaban hedkwatar Babban Bankin Nijeriya. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko wani jibgegen littafi da Trevor Clark, tsohon jami'in mulkin mallaka a Bauchi, ya wallafa a 1991 kan rayuwar mai wannan hoto. Ya ce in ajiye kwalayena in karanta, in kuma nemi muryar mutumin a intanet in saurara. Abin da ke biye shi ne abin da na tsinta.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bagere ne, yana hidima a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuma sunanta Fatima Inna. Wato dai ba ɗan sarauta ba ne, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba. Sunan da duniya ta san shi da shi sunan gari ne, kamar yadda makarantun boko na wancan zamani suka saba liƙa wa yaro sunan garinsu. Asalin kalmomin Fulatanci ne, ma'anarsu baƙin dutse.

Ya fara da makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi, daga nan elementare, sai makarantar lardi ta Bauchi. A Arewa ta wancan lokaci da Hausa ake koyarwa a elementare, sai yaro ya ɗan tasa sannan ya haɗu da Turanci. Ke nan mutumin da daga baya aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare na Afirka bai tashi yana jin Turanci a tsakar gida ba, babu rediyo, babu jarida, balle fim. Wannan ya ba ni kunya ƙwarai, ni da na fara jin Turanci tun ina ajin rainon yara.

A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ita ce daga baya ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, yau kuma muke kiranta Kwalejin Barewa. Lambarsa ta shiga makaranta 145 ce, ta Ahmadu Bello kuwa, wanda ya riga shi, 87. Ka dubi waɗannan lambobi da kyau. Duk faɗin Arewa, cikin shekara shida ko bakwai, yaran da suka taka wannan makaranta ba su kai 150 ba. Aji ɗan ƙarami, malamai Turawa waɗanda harshen nasu ne, zama na kwana har shekara biyar, ga kuma nacin da makarantar ta yi suna da shi wajen gyara lafazi da karatu a bayyane. Yaro ba ya haɗuwa da kalma tsirara a jeri. Yana jin ta a bakin mai ita, ya karanta ta a littafi, ya furta ta a gaban aji a gyara masa, gobe ya yi amfani da ita a filin wasa. Ba ina yabon Turawan mulkin mallaka ba ne, domin ƙanƙantar makarantar da gangan ce, kuma Arewa ta daɗe tana biyan bashin wannan rowa ta ilimi. Amma 'yan kaɗan ɗin da aka ɗauka, an dafa su sun nuna.

Shaihu Umar

A nan ne ɗalibin Hausa ya kamata ya gyara zama. A 1933, shekarar da Abubakar ya gama Katsina ya koma Bauchi koyarwa, Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai kuma Shaihu Umar na saurayin malamin nan na Bauchi wanda shekarunsa ba su wuce 21 ba.

Duk mun karanta shi a aji ɗaya, mafi yawanmu don mu ci jarrabawa. Da na sake karanta shi a gidan kawu sai na ga abin da ban gani ba a da. Ga yaro sabon fitowa daga makarantar da ta fi kowace Turanci a Arewa, kansa cike da kalmomin Ingila, amma da ya zauna rubutu sai ya zuba Hausa tsantsa, mai nutsuwa, mai ƙamshin zauren malamai. Labarin Umar ne, wanda aka sace tun yana ƙarami, ya faɗa hannun bayi da masu bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi ya rene shi ya ba shi ilimi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba su sake haɗuwa ba sai dab da ajalinta. Imam yana ba ka dariya har ka riƙe ciki, Ganɗoki yana cika baki da kirarin yaƙi, shi kuwa marubucin Shaihu Umar ko a wurin da uwa take mutuwa a gaban ɗanta ba ya ɗaga murya. Yakan faɗi abin da ya faru, ya bar ka da shi. A ganina wannan kamewa ita ce ainihin mutumin, kuma ita ya ɗauka ya shiga da ita cikin Turanci. Bai rayu ya ga fassarar da Mervyn Hiskett ya yi wa littafin a 1967 ba, balle fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976.

Shekara goma sha biyu ya yi yana riƙe da alli a Midil ta Bauchi, har ya zama hedimasta. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san babu abin da ke zaunar da harshe a kan mutum kamar ya maimaita abu ɗaya ga yara arba'in har su gane. A wannan zama ne Bauchi ta haɗa shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya zo koyarwa a makarantar. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a garin, inda malamai da ma'aikatan En'e da wasu Turawa ke zama ana muhawara kan al'amuran ƙasa. Zauren bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da ake jefawa kan mulkin En'e da albashin sarki sun fi ƙarfin cikin hukuma. Zungur da Aminu su ne masu zafi, Abubakar kuwa mai taka-tsantsan ne, kuma wannan bambanci ya bi su har ƙarshen rayuwa. A 1945 ya samu tallafin karatu zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu.

Daga Aji Zuwa Majalisa

Da dawowarsa a 1946 aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya tafi majalisar ƙasa a Legas. A can ne Turancin Katsina ya yi ranarsa. Kudu tana da lauyoyi da 'yan jarida da masu digiri daga Ingila da Amurka, Arewa kuwa 'yan malaman makaranta ne da hakimai, kuma da Turanci ake yin komai. Wanda bai iya tsayawa ya warware hujja da harshen ba, haƙƙin mutanensa sai ya salwanta yana kallo. A farkon zuwansa bai ɓoye shakkarsa kan ɗorewar Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya ba, yana ganin haɗin na takarda ne da Turawa suka ƙulla. An ce tafiyar da ya yi Amurka a 1955, lokacin yana ministan sufuri, don ganin yadda ake sarrafa jiragen ruwa a manyan kogunansu, ita ta sauya masa tunani, da ya ga jinsi iri iri sun zama al'umma guda.

Jawabinsa da ya fi burge ni ba a Legas ya yi shi ba. A watan Agusta na 1950, a Kaduna, ya miƙe a majalisa ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, ya taɓo cin hanci da danniyar talaka da yadda ikon ƙasa guda yake tattare a hannun mutum ɗaya. Ka tuna ɗan wane ne ke magana, kuma a wane zamani. Ɗan mai hidima a gidan hakimi ne yake faɗa wa sarakuna da Turawan da ke riƙe da su cewa ginin nasu yana buƙatar gyara. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, amma ya tsallake, kuma gyare-gyaren da suka kai ga dokar En'e ta 1954 daga nan suka samo tushe. Ban jin zai iya wannan da ashar ko da ihu. Ya yi shi ne da zaɓen kalma, ya soki tsari ba tare da ya ba kowa damar cewa ya ci mutuncin sarki ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ministan ayyuka a 1952, ministan sufuri bayan haka, Firayim Minista a 1957, lambar girma ta Sir daga Sarauniyar Ingila a farkon 1960. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya yi jawabin karɓar 'yanci a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Bayan kwana shida ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. A Yulin 1961 Shugaba Kennedy ya gayyace shi Amurka, har ya yi wa majalisar wakilansu jawabi, a Mayun 1963 kuma yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa.

Na nemi hotunan waɗannan tafiye-tafiye a YouTube kamar yadda kawu ya umarta, na saurara har cajin wayata ya ƙare. Murya ce mai kauri, ba gaggawa, kowace kalma sai ya ba ta haƙƙinta kafin ya wuce. Sai na yi wani ɗan bincike na rashin aikin yi. Na samo rubutaccen jawabinsa na ranar 'yanci, na ɗauki jan biro ina neman manyan kalmomin nan da na haddace. Kaɗan ƙwarai na samu. Yawancin kalmominsa tun a sakandare na san su. Ba wai bai san manyan ba ne, mutumin da ya yi shekaru yana karanta dokoki da rahotannin gwamnati ai ba ya rasa su. Ya san nauyin kowace ce, shi ya sa ba ya ɗaukar tabarya inda allura za ta yi. A cikin kwalayena akwai wata kalma, laconic, wadda ake siffanta mai taƙaita zance da ita, asalinta kuma daga sunan yankin mutanen Sparta ne na tsohuwar Girka, waɗanda suka yi suna da ƙarancin magana. Sau uku ina haddace ta tana guduwa. Tun ranar da na ɗora ta a kan wannan bawan Allah ba ta sake ɓace mini ba.

Inda Murya Ta Kasa

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a yabo. Jamhuriya ta farko a hannunsa ta tsage. Rikicin Jihar Yamma na 1962 da dokar ta-ɓaci, ɗaurin shekara 10 da aka yi wa Obafemi Awolowo a 1963, taƙaddamar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, tarzomar ƙasar Tibi, zaɓen Disamba 1964 da 'yan adawa suka ƙaurace wa a wurare da dama har aka yi kwanaki shi da Shugaba Azikiwe ba sa ga maciji, sai kuma zaɓen Yamma na Oktoba 1965 wanda bayansa aka dinga ƙona gidaje da mutane. Masu kare shi suna cewa hannunsa a ɗaure yake, tunda shi mataimakin shugaban jam'iyyar NPC ne, shugaban kuwa Sardauna yana Kaduna. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni dai ina ganin haƙurin da ya yi masa ado a majalisa shi ya cuce shi a 1965. A Janairun 1966 yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas ana tattauna matsalar Rodeshiya, alhali wuta na ci a Ibadan da kewaye.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye. A 1961 an yi zazzafar muhawara a majalisar tarayya kan ɗaukar harshen gida ya zama na hukuma, aka ambaci Hausa, Anthony Enahoro da wasu wakilan ƙananan ƙabilu suka yi tsaye suka ƙi. Firayim Ministan da ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggen labarin Hausa bai tilasta wa kowa harshen ba, Turanci ya ci gaba da mulki. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Ko ya kyauta ko bai kyauta ba, na bar wa 'yan aji huɗu su yi gardama. Abin da na sani shi ne sakamakon wannan zaɓi ne ya sa ɗalibin Hausa irina yake yawo da kwalayen Turanci a motar Nyanya.

Rasuwarsa

Da asubahin 15 ga Janairu 1966 sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan, aka tafi da ministan kuɗi Okotie-Eboh, aka kuma hallaka wasu manyan hafsoshin soja. Bayan kimanin kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kai ta Bauchi aka binne. Yana da shekara 53. Ko maƙiyansa na siyasa ba su zarge shi da tara dukiya ba, kuma 'yan kayan da ya bari suna nan a ajiye a hubbarensa ga mai son gani. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Bai taɓa ganin Abujar da titinsa yake ba. Sai a 1976, shekara goma bayan rasuwarsa, gwamnatin Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birni, tsohon garin Abuja ya koma Suleja, gwamnati kuma ba ta tare ba sai Disambar 1991.

Sauran mako biyar ɗin da suka rage mini ban koma cibiyar nan ba. Kullum bayan sallar asuba nakan karanta shafi goma na littafin Clark a bayyane, kawu yana kishingiɗe yana gyara mini lafazi, wani lokaci har da tsaki. Duk kalmar da ta tare ni sai in kwafe ta tare da jimlar da na same ta a ciki, in nemi abin da Bahaushe zai ce a wannan gurbi in rubuta a gefe, wanda sau da yawa ya fi neman ma'anar wuya. Gwajin da na sake yi kafin in dawo makaranta ya ba ni 150. Bai kai abin da jami'ar take so ba, saboda haka na ɗage rajistar jarrabawar zuwa hutu mai zuwa. Littafin yana nan a ƙarƙashin matashina a ɗakin kwanan ɗalibai, ban kai rabinsa ba, kuma kawu ya riga ya aiko sau biyu yana tambayar ranar da zan mayar masa.